Anti, yayar ango ta zaɓa mani fulawa ruwan ɗorawa, ko saƙo ne ta aiko mani?

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Daga cikin garin Katsina nake, bikina saura sati ukku. Yayar angon da ke aure a Abuja ta ce ita zata ɗauki nauyin fulawar da zan riƙe ranar dina, jiya ta turo mani hoton wadda ta zaɓa, wardi ne ruwan ɗorawa zalla. Na ji daɗi na tura ma ƙawayena a gurup ɗinmu, sai ɗaya ta turo mani bidiyo wai a wurin Turawa wardi ruwan ɗorawa na nufin kishi da cin amana da raguwar soyayya. Anti dama can ita yayar tashi ɗiyar kawunsu ta so ya aura. Tun jiya ban runtsa ba, gani nake saƙo ne ta aiko mani cewa kishiya na tafe. In ce mashi ya gaya mata bana so? Ga kuma ƙawayena sun dage sai na yi jifar fulawa a wurin dina, Gwaggona kuma ta ce riƙe fulawar ma gaba ɗaya koyi ne da Nasara. Kaina ya kulle, ki bani shawara."

Wa alaikumussalam ɗiyata, Allah ya sanya alheri ya kai mu ranar lafiya. Kafin komi bari in fara da abinda yafi gaggawa, dan Allah kada ki kai ma angonki wannan maganar, kuma kada ki maida kyautar. Ki bari ki gama karanta wannan tukuna, in kin gama sai ki yanke abinda kike ganin ya dace.

Ƙawarki bata yi ƙarya ba, abinda ta gani a bidiyon akwai shi a rubuce, amma rabin labari aka bata, kuma rabin labari shi ke hana mutum barci. Su Turawan wannan abu da suke kira harshen furanni, wato ba kowane fure ma'anarshi, ba wai gadonsu bane tun kaka da kakanni. Matar jakadan Ingila a birnin Istanbul, Lady Mary Wortley Montagu, ita ce a wajajen 1717 zuwa 1718 ta riƙa rubuta ma 'yan'uwa da ƙawayenta wasiƙu tana basu labarin yadda matan Turkiyya ke aika saƙo da 'yan kayayyaki, fure ko kanumfari ko zare ko wani ɗan itace, kuma a can wasa ne na baitoci, ana duba wane baitin waƙa ne ya dace da sunan abin. Turawa suka ji labari ya burge su, sai suka ɗauke shi suka juya shi yadda suke so. A 1819 aka buga wani littafi a Paris da ya jera furanni kowanne da ma'anar da aka liƙa mashi, littafin ya karɓu sosai, daga nan fa kowa ya shiga buga nashi a Faransa da Ingila da Amurka, wannan ya kwafi wancan, wancan ya ƙara nashi, wani ya canza. A irin waɗannan littattafan ne aka rubuta cewa wardi ruwan ɗorawa kishi ne ko cin amana, wani da ya fito a Ingila a 1884 ma cewa yayi raguwar soyayya. Toh kinga asalin maganar da ta hana ki runtsawa kenan, mutane ne masu neman littafinsu ya sayu suka zauna suka rarraba ma furannin Allah ma'ana.

Kuma ko a tsakaninsu basu taɓa haɗuwa a magana ɗaya ba. Yau in kika shiga shagon mai saida furanni a Landan ko a Amurka kika ce kina son furen da zaki kai ma aminiyarki ko ki ma wani barka, wardi ruwan ɗorawa ɗin nan dai shi zai miƙo maki ya ce alamar abota ne da farin ciki da maraba. Fure ɗaya ne, jiya kishi yau zumunci. Ɗauki ɗoɗɗoya, wannan dai da muke jefawa a shayi ko a miya saboda ƙamshi, a littafin nan na 1884 ƙiyayya aka rubuta a gabanta, alhali a Indiya akwai irinta da suke shukawa a tsakar gida suna girmamawa, Larabawa kuma tana cikin abinda suke kira raihan, tsiro mai ƙamshi da Alƙur'ani ya ambata a Suratur Rahman cikin ni'imomi. Akwai furen da ake ce ma fiyoni, a tsofaffin littattafan Turawa kunya yake nufi, a ƙasar Sin kuma alamar arziki ne da ɗaukaka. Fari da amaren Turawa ke ji da shi, a Sin kalar makoki ce, amaryar gargajiya a can ja take sawa. A Faransa akwai furen da in ka kai ma mutum gidanshi zai ji wani iri saboda kaburbura ake kai ma shi a ranar 1 ga Nuwamba, a Rasha kuma ba ma kala kaɗai ake dubawa ba har da ƙidaya, in ka ba mai rai furanni biyu ko huɗu ko shidda ka yi kuskure dan wannan lissafin na mamata ne. Yanzu ke da kike zaune a Katsina wanne zaki bi a ciki, na Faransa ko na Sin ko na Rasha? In kika ce sai kin samu furen da babu wata ƙasa a duniya da ta taɓa jingina mashi mugun abu, wallahi hannu rabbana zaki shiga wurin dinar nan.

Mu kuma a wurinmu ruwan ɗorawa bai taɓa zama kalar kishi ba. Kalar gwal ce, kalar leshin da ake sa ma amarya a lefe, kuma a Suratul Baƙara aya ta 69 da aka siffanta saniyar nan cewa akai fatsi ce mai tsananin haske tana faranta ran masu kallo. Ni in zan ɗauki wata magana a kan wannan kalar toh wannan zan ɗauka.

Su kansu amaren gidan sarautar Ingila da ake kwaikwayo, ki duba yadda suke yi. Sarauniya Victoria da ta yi aure a 1840 furen lemu ta sa a kanta, ana cewa alamar tsarki ne da haihuwa saboda itacen lemu kan ɗauki fure da 'ya'ya a lokaci guda, daga nan amare suka ɗauka har waɗanda basu da halin samun na gaske suka riƙa sa wanda aka ƙera da kakin zuma, kinga ashe fulawar roba ma ba yau aka fara ba kuma ba abin kunya bane. Akwai wani ɗan tsiro mai ƙamshi da ake ce ma matil wanda ta shuka a gidanta na Osborne, ɗiyarta ta riƙe reshenshi a bikinta a 1858, har gobe amaren gidan suna sa reshe ɗaya a cikin fulawarsu, kuma abinda ya bashi daraja a wurinsu shi ne na kakarsu ne. Kate da ta auri Yarima William a 2011 ta sa wani fure a cikin nata saboda sunan furen ya zo ɗaya da sunan mijinta. Meghan da ta auri ƙaninshi Yarima Harry a 2018 ta sa wani ɗan ƙaramin fure saboda shi marigayiya Diana, mahaifiyar angon, ke so. Duk cikinsu kowacce dalilin gidansu ta duba, wa ya bani, wa nake tunawa, wa nake son in girmama. Ke ma naki dalilin yana hannunki, yayar mijinki ce ta ciro kuɗinta ta ce ita zata yi maki.

Yanzu mu zo kan ainihin abinda ke damunki, dan ni na san ba fulawa bace. Abinda ke cin ranki shi ne matar nan ta so ƙaninta ya auri ɗiyar kawunsu, ke kuma tun ranar da kika ji haka kike zaune a ɗarare kina jiran ranar da zata nuna maki, sai ga bidiyo ya zo ya baki abinda zaki riƙe. Ban raina wannan tsoron ba ko kaɗan, shiga dangin miji da sanin cewa akwai wadda aka so kafin ke abu ne mai nauyi a zuciyar yarinya, kuma auren zumunci a garin nan ba ƙaramin ƙarfi gare shi ba. Amma ki zauna ki yi tunani da kyau. Macen da bata son ki tana da hanyoyi masu sauƙi da kowa ya sani, ta ƙi ɗaukar wayarki, ta ƙi zuwa kawo lefe, ta zo biki ta zauna can gefe tana cin magani, ta ƙi fidda anko. Wadda ta kira da kanta ta ce zan ɗauki nauyin abu kaza, ta shiga shago ta zaɓa, ta ɗauki hoto ta turo maki tun saura sati ukku dan ki gani, wannan tafi kama da mai neman hanyar shiri. Mai yiwuwa ma ita ɗin tana can tana jin nauyin cewa kin san abinda ya faru a baya, tana son ta nuna maki ya wuce. Kuma wardi na gaske a Abuja ba araha gare shi ba, daga Jos ake kawo wani, wani kuma sai an shigo da shi ta jirgi daga Kenya. Bahaushiya mai son ta ɓata maki rai ba zata kashe wannan kuɗin ba dan ta aiko maki saƙo da yaren wani littafin Faransa na 1819 da ke kanki baki san da shi ba sai jiya.

Kin duba kalar ankon dangin ango kuwa? Kin duba kalar kayan da zaki sa ranar, ko kalar da mai kwalliyar wurin ta zaɓa? Sau da yawa amsar tana nan kusa, an ce gwal da fari za a yi, ita kuma ta nemi abinda zai hau.

Abinda nake so ki yi, ki kira ta, kira fa ba saƙon WhatsApp ba, ki gaida ta da kyau ki tambayi yara da maigidan, ki ce Yaya na ga hoto, wallahi na ji daɗi, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Yaba kyauta tukuici. Cikin hira sai ki ce mata Yaya ya akai kika zaɓi wannan kalar, ta yi kyau. Ki saurari amsarta da kunnen arziki, na tabbata abinda zaki ji shi ne ta dace da kayanki, ko ita ce tafi kyau a shagon, ko ita kalar take so tun tana budurwa. In kuma har ranki bai kwanta da ruwan ɗorawa zalla ba, kina da damar ki ce Yaya ko za a ɗan surka da fari saboda mayafina, wannan roƙo ne na ƙanwa wurin yayarta, babu wadda zata ji haushi. Amma kalmar kishi ko cin amana ko "an ce ma'anarshi kaza" kada ta fito daga bakinki, dan in ta fito bata komawa, kuma irin maganar da ake ajiyewa ce a ciro ta bayan shekara goma ranar wani suna ko wani biki.

Shi kuma angon, dalilin da yasa na ce kada ki sa shi a ciki, in kika ce mashi ya gaya ma yayarshi baki so, kin tsaida shi tsakanin matar da zai aura da matar da watakila ita ta goya shi. In ya bi ki, dangi su ce tun ba a kawo ta ba ta fara raba shi da 'yan'uwa. In ya bi ta, ke kuma ki shiga ɗaki da ciwon cewa bai tsaya maki ba. Duk ta inda aka bi ke ce da asara, a kan fure da kwana ukku zai yi ya bushe. Ki adana wannan ƙarfin naki saboda ranar da wani abu na gaske zai taso. Maganar kishiya kuma, ko zata zo ko ba zata zo ba wannan yana wurin Allah sannan yana ga halin mijinki da irin zaman da kuka gina, in abin na damunki da gaske magana ce da zaku yi ku biyu cikin natsuwa a wani lokaci daban, ba a ɗaura ta a wuyan fulawa ba. Manzon Allah (SAW) ya hana camfi da shu'umci, ya kuma kasance yana son kyakkyawan fata, toh ki yi ma kanki kyakkyawan fata.

Ƙawar taki ban ce mugunta ta nufa ba, yaran yanzu abu na shigowa wayarsu suke turawa ba tare da sun tsaya sun yi tunanin ina zai sauka ba. Amma ki koyi wani abu tun yanzu, duk abinda ya fito daga dangin mijinki ba a gurup ake baje shi ba. Mutum goma in suka kalli hoto ɗaya sai an samu wadda zata hango abinda babu.

Sai Gwaggo. Ki bi ta a hankali, tsohuwa ce mai kishin tarbiyyarki kuma maganarta ba a banza take ba, dan gaskiya ne amarya ta riƙe damin fure al'ada ce da ta shigo mana daga waje, iyayenmu da lalle da turaren wuta da humra da goro da alawa aka kai su ɗaki. Amma shi fure a karan kanshi ba na wani addini bane. Ya zo a Sahihu Muslim cewa wanda aka miƙa ma raihan kada ya maida, saboda bashi da nauyin ɗauka kuma ƙamshinshi mai daɗi ne. Ki gaya mata haka cikin ladabi, ki ce mata kyauta ce daga dangin miji kuma maida ta zai zama cin fuska, wannan harshen tsofaffi suna gane shi fiye da kowa. In ta kafe, kada ki yi gardama da ita, ki kai maganar wurin mahaifiyarki ko wani malami da gidanku suka yarda da shi su warware a tsakaninsu, ke amarya ce ba ke zaki tsaya musu da manya ba.

A kan jifa kuwa ina bayan Gwaggo ɗari bisa ɗari. Al'adar Turawan Ingila da Amurka ce, amarya ta juya baya ta wurga fulawa, wadda ta cafe wai ita ce zata yi aure na gaba, kinga wannan camfin kenan tsagwaronshi. Ko an ce wasa ne, ni abinda na gani da idona ya ishe ni. A wani biki nan cikin gari aka kira 'yanmata su fito fili, akwai wata baiwar Allah da ta girmi amaryar da shekaru, tana zaune abinta tana cin abinci, ƙawaye suka taso ta suka turo ta gaba ana dariya ana cewa ke ce kika fi buƙata, mai magana a lasifika shi ma ya ɗauka yana maimaitawa, wayoyi duk a sama ana ɗauka. Ta yi murmushi ta tsaya, amma na ga yadda take murza bakin mayafinta da yatsu, kuma ana gama jifar ta ɗauki jakarta ta fita, abincinta ko rabi bata ci ba. A garin da mace in ta wuce shekara ashirin da biyar kowa ke tambayarta yaushe ne, bai kamata a ƙara mata da wannan a gaban jama'a ba. In kina son ƙawayenki su samu wani abu, ki sa a ware maki 'yan furanni a gefe ki miƙa ma kowacce ɗaya da hannunki ki ce Allah ya kawo naki na alheri. Babban damin kuma ki riƙe abinki, ko in an tashi ki miƙa ma ita yayar ko uwar mijinki a gaban mutane, ki ga yadda fuskarsu zata canza.

Wani abin da yafi ma'anar kala muhimmanci kuma ba wanda ya gaya maki shi ne zafin garin nan. Wardi baya jure rana, in bikin ya faɗo a bazara lokacin da zafi ke haura digiri 40, kuma aka ɗauko shi a mota tun daga Abuja ta Kaduna da Zariya da Funtuwa, zai iya isowa ya langaɓe kai duk ya sunkuya. Ki roƙi Yaya a taho da shi ana gobe dina ko a ranar da safe, gindin a cikin ruwa ko a naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, kada a jefa shi a but. Yana isowa a yanke ƙasan karan kaɗan a karkace da wuƙa mai kaifi, a cire ganyen da zai nutse, a tsoma a bokitin ruwa mai sanyi a ɗakin da rana bata shiga, in akwai AC ya fi. Kada a ajiye shi kusa da ayaba ko mangwaro ko tumatir, nunannun kayan marmari na fidda wata iska da ke saurin tsufar da fure, kuma kada a sa shi a firiza. Sai kin gama shiri tsaf za a ciro shi a goge karan da tawul dan kada ruwa ya ɗiga a kayanki ko ya jiƙa maki hannu. In an surka da furen lili, a sa wata ta cire 'yan tsinkayen tsakiyar masu garin hoda, garin nan in ya taɓa farin leshi da wuya ya fita. Kuma ki sayi ta roba mai kyau ki ajiye a gefe ko da ta gasken zata ba da matsala a hanya.

In kuma kina son wani abu namu ya shiga ciki, ki nemi gidan da ke da itacen lalle ki duba ko ya yi fure, 'yan ƙanana ne farare masu ɗan ratsin ɗorawa, a cure suke fitowa, ƙamshinsu da yamma har waje ake jin shi. A tsinko reshe biyu ko ukku a soka a tsakiyar wardin, zasu hau da kalar sosai, kuma Gwaggo in ta sunsuna zata gane abinda ta sani ne. Furen tumfafiya dai duk kyanshi kada a taɓa, ruwan nonon nan nashi yana da illa in ya shiga ido.

Ki kira yayar taki yau kafin la'asar, kada ki bari ta kwana biyu tana jiran jin ko hoton ya yi maki. In kun gama wayar ki rubuto mani in ji abinda ta ce. Allah ya baku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.